Man da Ya Ƙare a Hanyar Garwashi

Ranar da Safiyo ya shiga shagon tabarau, ba neman aure ne ya kai shi ba. Idanunsa ne suka ishe shi da ƙaiƙayi da zubar ruwa, har abokin aikinsa ya ce in bai je an duba shi ba, wata rana zai auna filin wani ya haɗa da rabin na maƙwabcinsa.

Aikinsa ke nan, awon filaye da zana taswira, har sunan sana'ar ya bi shi ya danne nasa na gaskiya. Dogo ne mai sanyin magana, irin mutanen nan da sai sun juya zance sau biyu a ciki kafin su ce "to".

Budurwar da ke zaune bayan na'urar gwajin ido ta nuna masa kujera da biro. Auta ake ce mata, a gida da wajen aiki. Ita ce ƙarama a gidansu, ita ce kuma ta fi kowa baki.

"Ɗora haɓarka a nan. Ka ga wani jan ɗigo can ciki? Shi za ka kalla."

Bawan Allah ya ɗora haɓa, amma ido ya ƙi zuwa inda aka aike shi.

"Malam," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "ba ni ce ɗigon ba."

Kunya ta rufe shi. Da ta gama gwajin ta jawo takarda ta ce, "Awa nawa kake yi gaban kwamfuta a rana?"

"Takwas, a ofis."

"Idon nan bai yi kama da na awa takwas ba. Faɗi gaskiya, ba duka zan yi ba."

Kafin ya lalubo ƙaryar da zai yi, wayarsa da ke kan tebur ta kawo haske. Hoton da ke fuskarta na wani jirgin sararin samaniya ne, siriri mai dogayen fukafukai, yana tsaye gaban wata shuɗiyar tauraruwa. Auta ta ajiye biro.

"Wannan ai Shirwa ce. Kai, har ka cire mata garkuwa don ta ƙara nisan tsalle? Wallahi wannan ganganci ne."

Safiyo ya saki baki. Shekara uku yana wannan wasa, duk wanda ya ba labari sai ya ce masa ya girma mana. Yau ga mai gwajin ido tana yi masa faɗa a kan garkuwar jirginsa.

Wasan na kwamfuta ne. Kowa da jirginsa, yana tsalle daga wannan tauraruwa zuwa waccan, a cikin sararin da ke da taurari miliyoyi waɗanda ba wanda ya taɓa leƙawa. Duk wanda ya fara isa wata duniya ya bincike ta, sunansa ake bugawa a kanta har abada, kuma akwai gurbin suna ɗaya a gefe, na abokin tafiyarsa. Gurbi biyu ne tak, in an cike ba a gogewa.

Ya karɓi tabarau bayan kwana uku. Bayan kwana biyar ya dawo wai yana matse masa hanci. Bayan mako ɗaya ya dawo wai ya yi sako-sako.

"Safiyo," ta ce, "tabaraun nan lafiyarsa ƙalau. In lambata kake so, ka buɗe baki ka tambaya, kar ka lalata mini kaya."

Da yammacin ranar saƙonsa ya shigo.

"Salama alaikum Kyaftin. Mai tabarau mai matsala ne. Gaskiya tun da kika gyara mini ido abu ɗaya nake gani, kuma ba filin kowa ba ne."

Ta karanta sau huɗu, sannan ta rubuta: "Wa alaikumus salam. Wannan ciwon ba mu da maganinsa a shago. Ka mayar wa Shirwa garkuwarta tukuna, sai mu yi magana."

Daga nan suka ɗinke. Kowace Asabar da hantsi, shi a ɗakinsa, ita a falon gidansu da abin ji a kunne, jiragensu biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa. Shi yana ce mata Kyaftin, ita tana ce masa Mai Taswirata. A cikin wata na biyu ne ya turo mata wani hoto, ɗan jan tabo can a gefen taswirar wasan, inda ko 'yan kasada ba sa zuwa.

"Gajimaren taurari ne," ya ce. "Ƙura da iska ne suka taru, a cikinsu ake haihuwar sababbin taurari. Ko suna ba shi da shi, lamba ce kawai. Na duba, ba wanda ya taɓa shiga."

"Kamar garwashi," ta ce.

"To, Garwashi ke nan. Tafiyar wata huɗu ce in Asabar kawai za mu riƙa yi. Duniya ta farko da za mu tarar a ciki, sunana da naki. Na yi miki alkawari."

Ranar ko Yayarta sai da ta tambayi Auta abin da take yi wa murmushi ita kaɗai.

Matsalar farko daga Baba ta fito. Tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin yana kan hanya kafin gwiwa ta zaunar da shi. Da aka kai masa zancen Safiyo, ya tambayi aikinsa, ya gyaɗa kai. Ya tambayi iyayensa, ya gyaɗa kai. Sai Yaya, wadda bakinta ba ya riƙe ruwa, ta ce ai a wasan jirgi suka shaƙu.

"Wasa?" Baba ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. "Ke na ƙyale ki ne don ke ce auta. Amma ƙato da gemunsa ya zauna yana tuƙa jirgin da ba shi da taya, ba shi da fasinja, ba ya zuwa ko'ina? Shi zan ba 'yata?"

"Baba, yana da hankali fa."

"Za mu gani. Ni ban ce a'a ba, ban kuma ce e ba. A bar ni in kalli tafiyarsa."

Aka bar maganar a nan, tana reto. Su kuwa suka ci gaba da tafiyarsu, har ya rage musu Asabar biyu su shiga Garwashi.

Ranar wata Laraba da azahar, Auta na goge gilasan da ke cikin kanta, wayarta ta yi ƙara. Guruf ɗin 'yan wasan ne, an turo jerin sababbin wuraren da aka gano a 'yan makonnin nan, kamar yadda ake yi kullum. Ta kusa wucewa, sai idonta ya faɗa kan lambar da ta haddace kamar lambar wayarta. Duniya ta farko a Garwashi, an gano ta. Sunan farko Safiyo. Na biyu kuwa, a gurbin da ta yi wata uku da rabi tana tafiya dominsa, an rubuta Zuma.

Zuma! Ji suna, don Allah.

Ta zauna a kan kujerar masu gwaji. Ta taɓa sunan, hoton mai shi ya fito. Ba fuska, sai wani ƙaton jirgin dakon mai fenti ruwan ɗorawa, da ɗan rubutu a ƙasa: "Kira ni, ina zuwa." Auta ta ji kamar an watsa mata barkono a ƙirji.

Ta ɗauki hoton jerin ta tura masa, ba ta ƙara ko harafi ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira. Ta bari sai da ta kusa tsinkewa.

"Kyaftin, ki saurare ni..."

"Wace ce Zuma?"

"Cikin masu kai ɗauki take. Mai ne ya ƙare mini a hanya, ita ta kawo mini. Kin san al'adar, duk wanda aka ceto, duniyar farko da ya gano sai ya ba wanda ya cece shi gurbi na biyu. In ban yi ba..."

"Na san al'ada, ba yau na fara wasan ba. Me ya kai ka Garwashi ba da ni ba?"

Kafin ya gama juya zancen a ciki, ta sake jefo masa wata tambayar.

"Yaushe aka yi?"

"Kwana goma sha biyu ke nan."

"Sha biyu! Asabar ɗin da ta wuce muna tare, kana ce mini Kyaftin kaza, Kyaftin kaza, ashe ka riga ka kai wata. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na ji tsoron ranki zai ɓaci."

"To ga shi bai ɓaci ba, ka ji ina rawa." Ta kashe wayar.

Mai karatu zai iya cewa, haba, a kan suna a cikin wasa? To wanda bai taɓa so ba ne zai faɗi haka. Ba duniyar ce ta dame ta ba. Abin da ke cin ta shi ne, lokacin da jan hasken nan ya fara cika masa gilashin jirgi, lokacin da ya ce "kai, dubi ikon Allah", wata ce a gefensa ta ji. Kuma ya iya kallon ta kwana goma sha biyu yana dariya bai faɗa ba. Mutumin da ya iya ɓoye wannan, me kuma zai ɓoye in an shiga gida ɗaya?

Saƙonninsa suka riƙa shigowa kamar ruwan sama. Na farko kawai ta buɗe.

"Ƙwayar idona, na yi laifi, ban musa ba. Amma wallahi ko muryarta ban riƙe ba. Ki ba ni minti biyar kawai in yi miki bayani."

"Au, har murya kuka yi?" ta rubuta, sannan ta toshe sautin sunansa. Sauran saƙonnin suka taru, ashirin da wani abu, har da wata takarda da ya liƙo. Ko kallo ba su ishe ta ba.

Zuma kuwa ta samu kallo. A kwana biyu Auta ta san komai a kanta. Ta ceto mutum ɗari uku da sittin. Tana sa alamar dariya a ƙarshen kowace magana. A wani tsohon saƙo a guruf wani ya ce muryarta kamar ta mai karanta labarai. Auta ta tsaya gaban madubin shago ta ce "kira ni, ina zuwa" da siririyar murya, ta yi tsaki, sai ga mai shagon a bayanta yana tambaya ko lafiya.

A gida Yaya ta same ta a ɗaki ido ya kumbura.

"Ke, wai duk a kan jirgin ruwan ɗorawa? Kin ma san ko tsohuwa ce mai jikoki?"

"Tsohuwa ce za ta sa wa kanta Zuma?"

"Kishi kumallon mata," Yaya ta ce tana dariya. "Naki ma har ya bar duniya ya hau sama."

Baba bai yi dariya ba. Ya ga 'yarsa ta tura abinci gefe kwana biyu, ya kira ta ya ce, "Abin da na guda ke nan. Tun ba a je ko'ina ba ya sa ki kuka a kan abin da babu shi. Ki ce masa ya dakata da zuwa gidan nan."

Ta ce to. Abin da ya ba ta haushi, da ta faɗi "to" ɗin sai ta ji zuciyarta ta ƙara nauyi.

Ranar Asabar da hantsi ta kunna kwamfuta ita kaɗai. Ta ƙudura a ranta sai ta shiga Garwashi ba tare da shi ba, ta bi duniyoyin da suka rage ɗaya bayan ɗaya ta buga sunanta, ta bar gurbi na biyu fayau, ya gani ya ji in da daɗi.

A wasan, jirgi daga zafin taurari yake ɗibar mai. Amma ba kowace tauraruwa ke bayarwa ba, akwai masu dishi-dishi da ko ɗigo ba a samu. Ƙa'idar farko da ake koya wa sabon shiga ita ce ya duba irin tauraruwar da ke gabansa kafin ya yi tsalle. Auta da kanta ta sha yi wa mutane gori a kan wannan. Yau kuwa idonta na kan jan gajimaren da ke ƙara girma, zuciyarta na kan Zuma. Tsalle ɗaya, biyu, biyar, takwas. A na tara jirgin ya yi wani irin kuka, fitilu suka mutu, wani agogo ya fito a kusurwa. Iskar shaƙa, minti tara.

Ta dafe kai. In agogon ya ƙare jirgin zai tarwatse, a mayar da ita inda ta faro, tafiyar wata uku da rabi ta tafi a banza.

Safiyo na nan kusa, kira ɗaya ne. Ta kalli wayar ta kawar da kai. Gara ta mutu. Ta shiga shafin masu kai ɗauki ta rubuta inda take, tana addu'ar Allah ya kawo kowa ban da mutum ɗaya. Amma wa ke yawo a wannan ƙungurmin sarari in ba wadda ta zo kwanan nan ba?

"Na gan ki, Auta. Ki fita daga wasan yanzu don agogon ya tsaya. Ina tsalle goma sha huɗu daga inda kike. Ki buɗe murya mu yi magana. Zuma."

Har da alamar dariyar.

Auta ta ɗora yatsa a kan madanni. Tana iya barin agogon ya ƙare, ta huta da wannan wulaƙanci. Minti bakwai. Minti shida. Abin da ya hana ta ba hankali ba ne, kar ma a yaba mata. So take ta ji muryar nan da kunnenta. Ta fita daga wasan, ta buɗe murya.

"Sannu, 'yar'uwa," aka ce. Kuma abin takaici, muryar da daɗi. "Kar ki damu, ke ce ta biyu da wannan hanya ta ci a watan nan. Taurari goma sha ɗaya ne a jere ba mai. Amma tsaya, ke ce Autar Safiyo?"

"Ni Autar babana ce."

Zuma ta yi dariya. "To na gane. Kin ga jerin ke nan."

"Na gani. Allah ya sanya alheri."

"Bari in faɗa miki yadda aka yi, in kin ga dama ki yarda. Inda kike ɗin nan, tsalle ɗaya gaba na same shi. Na ce masa, kai da Shirwa mai babban tanki me ya kawo ka nan kai kaɗai? Ya ce tankin jirginki ƙarami ne, ya zo ne ya auna hanyar ya nemo inda za ki samu mai, don kar ki sha wahala ranar da za ku shiga. Wajen kewaye-kewayen ne nasa ya ƙare. Awa ɗaya muka yi kafin in kai shi tauraruwa mai mai, wallahi na gaji da jin sunanki."

Kafin Auta ta gama haɗiye wannan, Zuma ta ci gaba.

"Kuma ba zan ɓoye miki ba, ya burge ni. Na tambaye shi lambarsa."

"Kika me?"

"Na tambaya. Ya ce in yi haƙuri, akwai wadda zai aura in babanta ya yarda. Sunan kuma shi ya ce a sa, don ba ya son a ce ya ci amanar al'ada. Na ce masa ya gaya miki a ranar, ya ce tsoro yake ji. Na ce to ka shirya. Bai turo miki taswirar hanyar ba? Ya ce zai turo."

Auta ta jawo wayarta, ta buɗe saƙonnin da ta ƙi karantawa. Ga takardar nan tun ranar Laraba. Ya zana hanyar da hannunsa, tsaf irin na aikinsa, ya yi wa taurari goma sha ɗaya jan gicciye, ya ja koren layi ta gefe. A ƙasa ya rubuta: "Kyaftin, na san ki, za ki ce sai kin tafi ke kaɗai. In za ki tafi, don Allah ki bi koren layi. Ki yi fushi da ni, amma kar ki rasa jirginki."

Hawaye suka zubo mata, na kunya da na so, har da ragowar na haushi.

"Na iso," Zuma ta ce. "Shigo."

Ta koma wasan. Ga ƙaton jirgin ruwan ɗorawa a gabanta, ya fi yadda ta zata muni, abin da ya ɗan sanyaya mata rai ke nan. Mai ya shiga, fitilu suka dawo. Zuma ta ja ta tsalle uku, sai ga su a cikin Garwashi. Ja da ruwan goro ta ko'ina, wasu wurare duhu kamar hayaƙi, ƙananan taurari farare na ƙyalli a ciki. Auta ta manta da wadda ke gefenta ta ce, "Kai, dubi ikon Allah."

Can ƙasa ga wata ƙaramar duniya mai zobe, ba sunan kowa a kanta. Ta bincike ta, gurbi biyu suka fito. Ta daɗe tana kallon na biyun. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ta cije leɓe ta rubuta Zuma.

"Na gode," ta ce. "Amma lambar nan, kar ki sake tambaya."

"Na ji, Kyaftin."

"Wannan sunan ma ba ke ce mai kira na da shi ba."

Suka yi dariya tare, ta Auta dai rabi ce.

Da la'asar ta tura masa hoton duniyar mai zobe da sunaye biyu a kanta. Amsarsa ta zo nan take: "Ba ki bi koren layi ba."

"Ban bi ba. Ka zo gobe ka ga Baba. Ban huce ba fa, kar ka zo kana washe baki."

Kafin goben ta zauna ta ba Baba labarin tun daga farko, har da nata kuskuren. Da ta zo wajen ƙarewar mai, tsohon direba ya gyara zama, abin ya shigo layinsa.

Safiyo ya zo da hantsi, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya bar shi a durƙushe.

"An ce mai ya ƙare maka a hanya."

"Haka ne, Baba."

"Shekara talatin ina tuƙi, mai bai taɓa ƙare mini ba. Ka san dalili? Ba na shiga hanyar da ban tambayi labarinta ba. Amma da ka je duba hanya kafin ka ɗauko 'yar mutane, wannan aikin direba ne, na yaba. Jirgin ƙarya ne, amma halin na gaske ne." Ya nuna shi da yatsa. "Ɓoyewar ce ban yarda da ita ba. Direban da ya ji ƙara a inji ya ƙara sautin rediyo don kar fasinja su ji, shi ke kashe mutane. Me ya sa ka yi shiru?"

"Tsoron fushinta, Baba."

Baba ya kalli Auta da ke raɓe a bakin ƙofa, ya kalli Safiyo, sai dariya ta ƙwace masa. "To a nan kam ban ga laifinka sosai ba, mu ma tsoronsa muke ji. Tashi ka zauna. Ke kuma me kika ce?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Sharaɗi ɗaya ne, Baba. Duk abin da zai ƙona mini rai, daga bakinsa nake so in fara ji, a ranar. Zan yi fushi, zan yi masifa, amma zan huce. Wanda na tsinta a waje ne ba na iya haɗiyewa."

"Ka ji?"

"Na ji, na kuma ɗauka."

"To ka turo manyanka."

Wata uku bayan nan aka ɗaura aure. Gida ya cika, Yaya ta yi ta kai da kawo tana ba kowa labarin kishiyar da ba ta da fuska sai tanki, har Auta ta yi rantsuwar ba za ta sake gaya mata sirri ba. Baba ya riƙe hannun 'yarsa ya daɗe bai saki ba, ya sa musu albarka yana goge ido, sannan ya ce ƙura ce ta shigar masa ido.

Washegari da safe, a sabon falonsu da ko labule ba a gama ratayawa ba, Safiyo ya shigo riƙe da waya, fuskarsa kamar wanda zai shiga ɗakin allura.

"Kyaftin, akwai maganar da za ta ƙona miki rai."

Ta ajiye kofin da ke hannunta. "Ina ji."

"Zuma ta turo saƙo a guruf, yanzun nan. Ta ambaci sunana. Ban buɗe ba, na ce sai a gabanki."

Tsohon kishin nan dai ya motsa, ashe bai mutu ba. Ta kalli mijinta, dogo har kansa na neman taɓa ƙofa, yana tsaye yana jiran hukunci da waya a hannu. Tsoron na nan a idonsa, amma ya zo.

"Zauna nan," ta ce, ta matsa masa. "Karanto, da ƙarfi. Kar ka tsallake ko alamar dariya."

Ya karanta. Fatan alheri ne, da addu'ar zaman lafiya ga ango da amarya.

"Sau nawa ta ambaci sunanka?"

"Sau ɗaya. Naki sau biyu."

"Hm. To ka ce mata mun gode. Mun, ka ji? Ba na ba."

Ya rubuta, ta leƙa ta tabbatar, sannan ta ɗora kanta a kafaɗarsa tana ƙunƙuni, shi kuma yana dariya ƙasa-ƙasa.

Allah ya bar su tare, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa duk abin da zai shiga tsakaninsu ya zama wanda za a iya faɗa da safe a huce kafin azahar. Amin.